Babur ɗaya a gidan mai iyali: aiki, makarantar yara da unguwar uwargida

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, magidanta da yawa sun jingine mota sun koma babur. Tambaya ga masana: magidanci mai mata ɗaya da yara uku 'yan firamare, wurin aikinsa kilomita 12 daga gida, wane babur ya dace da shi, mai nawa zai sha a wata, kuma yaya zai tsara kai yara makaranta da kai uwargida unguwa? Don Allah a yi bayani dalla-dalla.

Oga Makanike:
Wa alaikumus salam. Mu fara da lissafi. Zuwa da dawowa kilomita 24, a ƙara 6 na ratse zuwa makaranta da kasuwa, ya zama 30 a rana. A kwana 26 ya kama kilomita 780. Babur mai inji si-si 100 zuwa 110 da ke cikin ƙoshin lafiya yana yin kilomita 40 zuwa 50 da lita ɗaya a cikin gari idan da goyo. Ke nan lita 16 zuwa 20 a wata. Ka ninka da farashin gidan man unguwarku, ka ɗora kuɗin juye sau ɗaya, ka ware wani abu na faci, fulogi da takalmin birki.

Zaɓi kuwa hanya ce ke yanke shi. Idan unguwar sabuwa ce, babu kwalta, ga rairayi ga kwazazzabai, Boxer ko TVS ko wani mai doguwar kujera da tsayin ƙasa. Idan kwalta ce daga ƙofar gida har ofis, roba-roba irin Lifan ko Haojue ta fi sauƙin hawa da manyan kaya, ba ta da kulocin hannu, uwargida ma za ta iya koyon ta. Kafin ka biya, ka shiga layin masu kayan gyara na garinku ka tambayi fistin, ceni da kafireta na wannan samfurin. Idan shago uku sun ce sai an aiko, ka canza shawara.

Sabon babur a kwali yake zuwa, a kasuwa ake haɗa shi, sau da yawa cikin gaggawa. A kai shi a bi kowane noti, musamman na gatarin taya, na kai da na birki. Kilomita 500 na farko kada a wuce gudun kilomita 50 a awa, kada a labta masa kaya, sannan a juye man farko don fitar da ɓarɓashin ƙarfe.

Ɗan Maraɗi:
Oga ka yi bayani, amma kafin a sayi babur don iyali a fara tambayar doka. A Kano an hana goyo a babur a cikin birni a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A Abuja tun 2006 aka fitar da 'yan acaɓa daga tsakiyar birni. A Katsina dokar tsaro ta 2021 ta hana hawa uku a babur. Nan Nijar ma an hana zirga-zirgar babura a jihar Diffa a 2015. Irin waɗannan dokoki ana sassauta su ana tsananta su, don haka mutum ya je ofishin masu kula da hanya na garinsu ya ji abin da ake aiki da shi yau. Sai takardu: rasit mai lambar inji da lambar jiki, lamba, inshora, da lasin rukunin A ga wanda ke Nijeriya. A ɗauki hotonsu a waya, a bar rasit na asali a gida.

Maman Walid:
Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yara ukun nan. Abin da kowa ke gani da safe: ɗaya a kan tanki, biyu a baya, jakunkuna rataye a kan babur, wani lokacin har da uwa da jariri a goye. Kamfani kujerar mutum biyu ya yi, matakan ƙafa na mutum biyu. Yaro na uku ina zai sa ƙafarsa? Lilo take yi kusa da sifoka da salansa.

Abu Sadik:
Hajiya gaskiya kika faɗa, amma a duba halin da ake ciki. Mai albashin da bai kai ƙarshen wata ba, ka ce masa yaro ɗaya kawai zai ɗauka, sauran biyun fa? Yaran firamare uku duka nauyinsu bai wuce na babban mutum ɗaya ba. Idan mutum yana tafiya a hankali ban ga aibu ba.

Oga Makanike:
Malam Abu Sadik, inji zai ja nauyin, babu gardama. Matsalar inda nauyin yake zaune da abin da yake yi idan an taka birki. Yaron da ke kan tanki yana hana kai juyawa har ƙarshe, jakarsa tana danna hon ko ta tokare makulli. Idan aka ja birki da ƙarfi shi ne na farko da zai tafi gaba, fuskarsa ta daki mita ko ƙarfen kai. Uban ya san haka, shi ya sa hannunsa ke nauyi wajen kama birki a lokacin da ya fi bukatarsa. Na can ƙarshe kuma a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, yake, bayan gatarin taya, nauyinsa yana ɗage gaba. Tayar gaba ta yi sako-sako, da an hau rairayi sai kai ya fara rawa.

Batun a hankali kuma ga awo. A gudun 40 babur yana cin mita 11 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙar da za ka ga akuya ko yaro ya ɓullo ka kai hannu birki, mita 11 sun tafi. A gudun 60 kusan mita 17 ne, kuma tazarar da birkin kansa zai ci kafin tsayawa ta ninka ta gudun 40 fiye da sau biyu. Mai goyon yaro a cikin gari ya tsaya tsakanin 30 da 40.

Malama Nas:
Zan ƙara a kan na Oga. Akwai sharaɗi uku kafin yaro ya hau bayan babur shi kaɗai: ƙafafunsa biyu su kai matakai su zauna daram, hannunsa ya iya riƙe ƙugun mai tuƙi tsawon tafiyar, kuma ya zama mai jin magana idan an ce kada ya waiwaya ko ya miƙa hannu. Wanda bai cika ukun nan ba bai isa hawa ba, ko shekarunsa nawa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne tashi daga makaranta da rana. Yaro ya gaji, ga zafi, ga jijjigar inji, barci ke sace shi, hannu ya saki. Mai tuƙi ya riƙa yi masa magana, in ya ji kansa ya fara bugun bayansa ya tsaya nan take. Akwai ɗamara mai mariƙi biyu da mai tuƙi ke ɗaurawa a ƙugu, mai ɗinkin jaka zai iya yin ta da igiyar bel mai faɗi. Ta fi a ce yaro ya riƙe riga.

Baban Hanifa:
To Malama, ya za a yi da ukun a aikace? Makaranta ƙarfe 7:30, aiki ƙarfe 8.

Maman Walid:
Sahu biyu. Idan makaranta kilomita 2 ce, zuwa da dawowa a gudun 30 minti 8 ne, a ƙara mintin sauka da hawa. Fitowa da wuri da kwata ɗaya ta biya. Man da ƙarin sahun zai sha a wata lita biyu ne ko uku. Hanya ta biyu, gida uku ko huɗu na layi ɗaya su haɗa kuɗi su yi jinga da mai Adaidaita ɗaya amintacce na wata, ya kwashi ƙananan, uba ya ɗauki babban a babur. Ta uku, wadda ake mantawa da ita: wajen zaɓen makaranta a sa nisa a lissafi. Wadda yaro zai taka da ƙafa tare da yayyensa ba tare da tsallaka babban titi ba ta rage wa gida rabin wannan wahalar.

Abu Sadik:
Sahu biyu da yara uku ai har yanzu akwai sahu mai yara biyu.

Maman Walid:
Haka ne Malam, shi ya sa jingar Adaidaita ta fi. Idan dole ce ta sa, a sa ƙaramin a tsakiya babban a baya, a kan kujera dukansu, babu kowa a tanki ko kariya. A sa mai walda ya ƙara matakai biyu daidai tsawon ƙafar ƙaramin, a rufe gefen taya da raga, a bi ta lungu a bar babban titi. Wannan rage haɗari ne kawai, kuma inda doka ta hana hawa uku babu wannan maganar.

Hajiya Mai Ɗinki:
Ku ba ni dama in yi maganar mata, don nan ne ake samun mummunan rauni cikin daƙiƙa. Dogon hijabi, abaya, gyale da bakin zani suna sauka gefen taya. Iska ta tura su cikin sifoka ko tsakanin ceni da haƙoransa, taya ta naɗe, ta fizgo mace ta baya, ta faɗo da ƙeya. Idan hijabi ne, a wuya yake shaƙewa. Mai tuƙi ba ya ganin komai sai ya ji babur ya cije.

Kafin a tashi, mace ta tattaro bakin hijabin gaba ɗaya ta ɗora a cinya, ta zauna a kan na baya, gyale a cusa bakinsa. Maigida ya waiwaya ya duba da idonsa kafin ya sa giya, kullum, ko tafiyar layi biyu ce. Shi ma babbar riga a naɗe hannuwanta a kafaɗa, a tattare ƙasanta. A Indiya, inda ake ƙera Boxer da TVS, babur da ragar gefe yake fitowa saboda tufafin matansu. A nan mai walda zai yi ta da siririn rodi, tazarar sanduna kada ta wuce yatsa biyu, ta rufe daga shok zuwa bayan taya, gefe biyu. Sannan murfin ceni da ake cirewa a yar saboda ƙara, a mayar da shi. Ƙarar daga sakin ceni take, gyaranta minti biyar ne.

Malama Nas:
Hajiya a ƙara da zama. Zaman gefe ɗaya ba shi da riƙo: ƙafafu biyu a waje guda, nauyi ya karkata, da an shiga rami ko an kauce da sauri sai mace ta zame. Wando mai kauri a ƙarƙashin abaya, a zauna ƙafa ɗaya kowane gefe, shi ya fi aminci, kuma sutura ba ta ragu ba.

Hajiya Mai Ɗinki:
Na yarda Malama, amma akwai garuruwa da gidajen da ba za a yi hakan ba ko me za a ce, dattijai mata kuma ba za su iya ba. Su ma a ba su mafita. A zauna ƙafafu na hagu, domin a yawancin babura salansa a dama yake. A sa faffaɗan mataki a hagu wanda zai ɗauki ƙafa biyu. Hannun dama ya zagaye ƙugun mai tuƙi, jaka a rataye a jiki, kada a riƙe ta a hannu. Mai tuƙi ya rage gudu sosai a kwana, ya sanar kafin ya hau tudun rage gudu.

Malama Nas:
Wannan ya yi. Inda ba zan sassauta ba shi ne jariri a goye da mace mai tsohon ciki. Jaririn da ke baya kansa ne a ƙarshen babur, wuyansa bai yi ƙwari ba, babu hular da za ta shige shi, kuma in uwa ta faɗi ta baya a kansa za ta sauka. Ranar awo, ranar rigakafi, ranar suna, a nemi Adaidaita ko mota. A sa kuɗin wannan a lissafin wata tun farko.

Sai hular kwano. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta ta ranar 1 ga Janairu 2009, har yau a Arewa ba ta zauna ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna hula mai kyau da aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai da kashi 69. Karaya ana ɗora ta, ƙwaƙwalwa in ta taɓu sau da yawa ba ta komawa yadda take. Hular magina ba ta wannan aikin. Ta babur tana da farin soso mai tauri a ciki, kaurinsa ya kai yatsa biyu, shi ke shanye bugu. A duba tambarin inganci na ECE ko DOT a jikin hular, a danna soson a ji. A gwada: in an ɗaura igiya, yatsa biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa, in an girgiza kai hular ba ta juyawa. Yaro a saya masa daidai kansa, ta manya za ta fice tun kafin ya kai ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko ba ta fashe ba.

Abu Sadik:
Zafin Afrilu fa Malama? Ga hula zanna, ga ɗaurin ɗankwali.

Ɗan Maraɗi:
A sayi fara ko mai haske, mai ƙofofin iska, mai buɗaɗɗiyar fuska da gilashi. Da babur ya fara tafiya iska na shiga. Zanna a sa ta a leda a akwatin baya, a ɗora in an sauka. Hijabi mara ƙulli yana shiga cikin hula lafiya lau, sai dai a kwantar da gashi ƙasa, a ɗaura ɗankwali a can gidan bikin. Kowa da tasa, a cire soson ciki mai laushi a wanke duk sati biyu, maganar ƙyanƙyami ta ƙare.

Oga Makanike:
Bari in koma kan ƙarfen, don babur mai ɗaukar iyali saitinsa daban ne da na mutum ɗaya.

Iska: a irin su Boxer gaba PSI 25, baya 28 in kai kaɗai ne, 32 da goyo. A duba takardar da ke manne a murfin ceni ko littafin babur. Masu faci da yawa da yatsa suke gwadawa, wasu su ɗura har 45, taya ta yi tauri ta daina kama ƙasa. In kuma iska ta yi kaɗan, tif yana tsukewa a bakin rim in an faɗa rami, shi ne facin da ke zuwa huda biyu a jere. Sayi geji naka, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, sau ɗaya a sati. A jikin taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara: 1823 na nufin sati na 18 a 2023. Wadda ta haura shekara biyar ko gefenta ya fara tsagewa a canza ta ko da zanenta bai cinye ba.

Shok na baya yana da matakala a ƙasansa, galibi biyar. Da goyo a kai shi ta uku ko ta huɗu, dama da hagu daidai. In an bar shi a ta farko zai riƙa dukan ƙarshe, fitila kuma ta ɗaga sama ta daina haska hanya.

Ceni: a tsakiya ya yi wasa sama da ƙasa santimita 2 zuwa 3. A gwada da mutum a zaune, don nauyi yana ƙara ɗaure shi. In ya ɗaure da yawa yana cin boris, in ya saki yana iya zamewa ya cije taya. Man giya mai kauri ya fi tsohon baƙin mai, wanda ke tara ƙasa ya cinye haƙora. Ceni da sifiroket biyu tare ake canza su.

Birki: mutane da yawa suna sassauta na gaba wai yana kayarwa. Shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa a busasshiyar kwalta. Abin da ke kayarwa fizgarsa lokaci ɗaya, ko kama shi a kwana ko a rairayi. A matsa shi sannu a ƙara ƙarfi, tare da na baya. A je fili ranar hutu a gwada tsayawa a gudun 30, da goyo da babu goyo, har hannu ya saba. Matakin birkin baya ya yi wasa santimita 2 zuwa 3 kafin ya kama. In an ɗaure noti har ƙarshe bai kama ba, takalmi ya cinye.

Baƙin mai 20W-50, kusan lita ɗaya, a rufaffiyar roba. Da zafinmu da ƙurarmu juye duk kilomita 1,000 zuwa 1,500. Lokacin hunturu soson iska duk sati biyu a wanke da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, ya bushe, a ɗiga masa mai kaɗan. Wanda ya cire soson wai don babur ya ƙara gudu, ƙura yake ɗura wa fistin, ba da jimawa ba zai fara hayaƙi.

Ɗan Maraɗi:
Damina ma da nata. Ruwan farko ya fi santsi, don yana taso da man da ya zuba a kwalta duk rani. Ruwan da ya rufe hanya yana ɓoye buɗaɗɗiyar kwata, in ba ka ga inda wani ya bi ya fita ba kada ka shiga, balle da yaro. Bayan an ratsa ruwa birki ba ya kamawa, a ɗan taka shi ana tafiya a hankali har ya bushe. In babur ya fara shaƙewa bayan ruwa, a duba hular fulogi, sannan a kwance ƙaramin sukurun da ke ƙasan kafireta ruwan ya tsiyaye. Man 'yan bumburutu ma yakan zo da ruwa ko datti, ƙaramar matata a kan tiyon mai tana maganin rabin wannan.

Maman Walid:
Ba a taɓo cikin gida ba. Babur yana kwana a zaure ko tsakar gida, inda yara ke wasa. Salansa yana daɗewa da zafi bayan an kashe inji, mai rarrafe kuma abin da ke ƙyalli yake nufa. A juya gefen salansa ya fuskanci bango. A kafa shi a jakin tsakiya a kan siminti, don jakin gefe yana nutsewa a ƙasa mai laushi, yaro ya hau ya faɗo masa, abin da nauyinsa ya kai kilo ɗari. A rufe makunnin mai kowane dare, kafireta mai yoyo kusa da murhu ko risho gobara ce. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen zaure da asuba, hayaƙinsa guba ne. Makulli kuma kada a rataye shi inda ɗan shekara 13 zai kai hannu. Lasin sai an kai 18.

Malama Nas:
In ƙunar salansa ta faru, a zuba ruwa mai sanyi na famfo ko randa minti 20, ban da ƙanƙara. Kada a shafa man goge baki, ƙwai, gishiri ko baƙin mai, kada a fasa ƙurjin. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai asibiti, musamman in ta kai faɗin tafin hannun yaron. Wanda ya bugu a kai, in ya yi amai, ko barci ya rinjaye shi, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, asibiti nan take ko da ya tashi ya yi tafiya. Mai ciwon wuya kada a ɗaga shi a ɗora a wani babur. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce kafin a yi maganar maɗori. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura 122 ce.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Saura sata, don a masallaci da kasuwa abin ya yi yawa. Makullin kai ya isa?

Oga Makanike:
Bai isa ba, da fizga ɗaya ake karya shi. A sa sarƙa mai kauri ta ratsa tayar baya da jikin babur, a ɗaure da turke ko ginshiƙi, kwaɗon ya zama a sama, don in yana ƙasa da guduma ake fasa shi. Mai wayarin ya sa ɓoyayyen makunni a kan wayar da ke kai wuta fulogi, a wurin da kai da shi kaɗai kuka sani, ya naɗe da tef yadda ba za a bi waya a gano ba. Na'urar bibiya tana taimakawa, amma tana jan batir ko babur na ajiye, don haka in zai kwana biyar ba a hau ba a tayar da shi a waje na ɗan lokaci. A kasuwa da masallacin Juma'a a biya masu gadi a karɓi kati, kuma kada a bar katin a akwatin babur.